Haile Selassie: Sarkin da kotun Landan ta ce ƙasarsa ta zama ta wani

A watan Disambar 1938 kotun ɗaukaka ƙara a Landan ta yanke hukunci kan wasu kuɗi da suka ɗan haura fam dubu goma. Kamfanin sadarwa na Cable and Wireless ake bi bashin, kuma kamfanin bai taɓa musun cewa ana bin sa ba. Abin da yake so a faɗa masa shi ne wanda zai biya: Sarkin Habasha da ke gudun hijira a Ingila, ko Sarkin Italiya wanda sojojinsa ke riƙe da Addis Ababa. Kotu ta ce kuɗin na Sarkin Italiya ne. Wanda ya sha kaye shi ne Haile Selassie, mutumin da wata kotun ta ba gaskiya kan waɗannan kuɗi wata biyar kacal kafin nan. Tsakanin hukuncin farko da na biyu babu abin da ya sauya a cikin Habasha. Sauyin yana cikin wata takarda da ma'aikatar harkokin wajen Birtaniya ta aika wa alƙalai.

An haife shi ranar 23 ga Yulin 1892 a Ejersa Goro, kusa da Harar, tsohon birnin Musulmi da Sarki Menelik na Biyu ya ci da yaƙi shekara biyar kafin haihuwarsa. Sunan yankansa Tafari. Mahaifinsa, Ras Makonnen, ɗan'uwan Menelik ne kuma gwamnan Harar, yana kuma cikin sarakunan yaƙin da suka karya Italiya a Adwa a 1896. Mahaifiyarsa ta rasu tun yana jariri, mahaifin ya bi ta a 1906. Yaron ya koyi Faransanci a hannun malaman mishan na Katolika da ke Harar, kuma da wannan harshe ya yi hulɗa da Turawa har ƙarshen rayuwarsa.

A 1916 manyan fada da na coci suka tuɓe Lij Iyasu, jikan Menelik, bisa zargin ya karkata ga Musulunci. Aka naɗa Zewditu 'yar Menelik sarauniya, Tafari kuma ya zama mai jiran gado da riƙon gwamnati yana da shekara 24. Bayan rasuwar Zewditu aka naɗa shi sarki ranar 2 ga Nuwamban 1930, ya ɗauki sunan Haile Selassie.

Tun yana riƙon gwamnati ya fahimci cewa nasarar Adwa ba za ta isa ta tsare ƙasar ba. Italiya na Iritiriya da Somaliya, Birtaniya na Sudan da Kenya da wani yanki na Somaliya, Faransa na Jibuti. Habasha ba ta da ko taku ɗaya a bakin teku. Sai ya nemi mafaka a doka. A watan Satumban 1923 ya shigar da ƙasar cikin Ƙungiyar Ƙasashen Duniya da ke Geneva, wadda ta gabaci Majalisar Ɗinkin Duniya, duk da ƙorafin da Birtaniya ta yi kan cinikin bayi da ke gudana a Habasha. Yarjejeniyar ƙungiyar ta ɗora wa kowace mamba alhakin kare iyakar 'yar'uwarta. A 1931 ya sayi Bankin Abisiniya, wanda ke ƙarƙashin Babban Bankin Masar na Turawan Ingila, ya mayar da shi Bankin Habasha. Kujera a Geneva, banki na kansa, kundin tsarin mulki: duk yana tara shaidu ne cewa Habasha ƙasa ce kamar kowace.

Italiya ta shigo ranar 3 ga Oktoban 1935. Ƙungiyar Geneva ta ce Italiya ce mai laifi, ta sa mata takunkumi, amma ba a sa man fetur a ciki ba, ba a kuma rufe mashigin Suez ba, alhali ta nan jiragen ruwan Mussolini ke wucewa da sojoji da iskar guba. A Disamba asiri ya tonu cewa ministocin wajen Birtaniya da Faransa, Samuel Hoare da Pierre Laval, sun shirya a asirce a yanka wa Italiya babban kaso na ƙasar don a zauna lafiya. Sarkin da kansa ya ja runduna a Maychew ranar 31 ga Maris 1936, aka ci su. Ranar 2 ga Mayu ya hau jirgin ƙasa zuwa Jibuti. Wasu manyan Habashawa ba su yafe masa wannan fita ba, don a al'adarsu sarki a fagen fama yake mutuwa. Kwana uku bayan tafiyarsa sojojin Italiya suka shiga Addis Ababa, ranar 9 ga Mayu kuma Mussolini ya shelanta cewa an haɗe Habasha da Italiya, Sarki Victor Emmanuel na Uku ya ƙara da sarautar Habasha a kan tasa.

Ranar 30 ga Yuni ya tsaya a zauren Geneva ya yi jawabi da harshen Amhara, 'yan jaridar Italiya na busa usur don kada a ji shi. Jawabin ya shiga tarihi, amma cikin mako biyu aka janye takunkumin. Abu ɗaya ya tsira da shi: a watan Satumba, da aka zo tantance wakilai, an bar wa tawagarsa kujerar Habasha.

Shekarun Bath

Ya sayi wani gida mai suna Fairfield House a garin Bath na Ingila, ya zauna da iyalinsa da 'yan fadarsa. Jaridun Italiya suna ta yaɗa cewa ya gudu da dukiyar ƙasa, amma ba a daɗe ba gidan ya shiga matsi, har aka riƙa sayar da kayan azurfa don biyan buƙatu. Sanyin Ingila ya kori Sarauniya Menen zuwa Birnin Ƙudus. Labaran gida kuwa babu daɗi: an kashe Bishop Petros a 1936, an kashe surukinsa Ras Desta a Fabrairun 1937, a watan nan kuma aka yi kwanaki ana karkashe mutanen Addis Ababa bayan an jefa wa gwamnan Italiya Graziani gurneti. A Legas da Accra an yi tarurruka ana tara wa Habasha gudummawa, sai dai irin wannan kuɗi ba ya riƙe gwamnati.

Gwamnatin da ke gudun hijira ba ta karɓar haraji. Abin da ya rage mata shi ne dukiyar ƙasa da ke waje: ajiya a bankuna, hannun jari, basussukan da take bi, gidajen jakadanci. Wanda kuma ke da ikon taɓa su shi ne wanda ƙasar da dukiyar ke cikinta ta amince da shi. A nan masana doka suka raba amincewa gida biyu. Akwai amincewa cewa wane ne ke da iko a ƙasa a zahiri, ko da ƙwace ya yi. Akwai kuma amincewa cewa wane ne halattaccen mai ƙasa a doka. A Disambar 1936 Birtaniya ta ba Italiya ta farko, ta mayar da ofishin jakadancinta na Addis Ababa ƙaramin ofishi, ta bar wa Haile Selassie ta biyu. Ƙasa ɗaya, masu ita biyu, kowanne da takardarsa daga Landan.

Bankin da ya kafa shi aka fara rasawa. Italiya ta fitar da doka ta rushe Bankin Habasha, ta naɗa wani mai suna Liguori ya tattara kadarorinsa. Shugabannin bankin da ke waje suka kai ƙara a Landan kan ajiyarsu da ke hannun Babban Bankin Masar. A 1937 mai shari'a Clauson ya ce tunda hedikwatar bankin na Addis Ababa, kuma Birtaniya ta yarda Italiya ce ke iko da Addis Ababa, to dokar Italiya ce ke aiki a kansa. Dokokin da sarkin ke sa wa hannu daga Bath ba su da tasiri a can.

Shari'ar Cable and Wireless ta bambanta, shi ya sa lauyoyinsa suka sa rai. Kuɗin sun taru ne daga saƙonnin da ake aikawa tsakanin tashar rediyon Addis Ababa da Birtaniya kafin faɗuwar birnin, kuma bashin a Ingila yake, inda ikon Italiya bai kai ba. An shigar da ƙarar a Janairun 1937. Jakadan Italiya ya rubuta wa kamfanin cewa kuɗin nasu ne, amma Italiya ta ƙi zuwa kotu, don ƙasa mai 'yanci ba a tilasta mata gurfana a kotun wata. Da farko mai shari'a Bennett ya ce ba shi da hurumi. Kotun ɗaukaka ƙara ta mayar masa da shari'ar, ta ce da'awar baki daga wata ƙasa ba ta isa ta rufe ƙofar kotu ba. A watan Yulin 1938 Bennett ya ba Haile Selassie gaskiya: har yanzu shi ne halattaccen sarki a idon Birtaniya, kuma mamaya ba ta mayar da dukiyar da ke Ingila ta mai mamaya.

Kamfanin ya ɗaukaka ƙara. Siyasa kuwa ta riga shari'a gudu. Tun a watan Afrilu firaminista Neville Chamberlain ya ƙulla yarjejeniya da Mussolini, da fatan raba shi da Hitler, kuma ladan da aka yi alkawari shi ne Habasha. A watan Mayu sarkin ya koma Geneva yana fama da rashin lafiya, ya zauna yana ji ana sakin mambobi kowa ya yi abin da ya ga dama. Ranar 16 ga Nuwamban 1938 yarjejeniyar ta fara aiki, Birtaniya ta amince da Sarkin Italiya a matsayin halattaccen Sarkin Habasha. Ƙa'idar kotunan Ingila ita ce ba sa yin baki biyu da gwamnati a kan wace ce ƙasa da wane ne shugabanta. Abin da ma'aikatar waje ta rubuto shi ke nan. Alƙalan suka ƙara da abin da ya fi ciwo: amincewar tana komawa baya ne har zuwa Disambar 1936. Ma'ana, a doka, ranar da ya shigar da ƙara ma kuɗin sun riga sun fita hannunsa.

A Paris ma bai samu biyan buƙata ba. Gwamnatin Habasha na da hannun jari a kamfanin jirgin ƙasan Jibuti zuwa Addis Ababa, wanda kamfanin Faransa ne. Da ya nemi ya yi amfani da su, Italiya ta sa ƙafa, kotun Paris kuma ta janye jiki daga rabon gardama tsakanin ƙasashe biyu. A Nuwamban 1938 Faransa ta aika André François-Poncet jakada zuwa Rum da takardun da ke kiran Victor Emmanuel Sarkin Habasha.

Ba kowa ya bi ba. Amurka, wadda tun 1932 ta ɗauki matsayin ƙin amincewa da ƙasar da aka ƙwata da ƙarfi bayan Japan ta cinye Manchuriya, ba ta amince ba. Tarayyar Sobiyet da Meziko ma haka. Dandalin Meziko da ke tsakiyar Addis Ababa a yau tukuicin wannan ne.

Duk mai son ganin bambancin da wannan takarda ke yi, ya dubi abin da ya sami Istoniya da Latbiya da Lituweniya bayan Sobiyet ta haɗiye su a 1940. Amurka ta ƙi amincewa, ta ƙulle dukiyarsu, aka riƙa ɗaukar nauyin jakadunsu daga cikinta har shekara hamsin. Faransa ta riƙe zinarensu ta mayar musu bayan sun dawo da 'yanci a 1991. Birtaniya kuwa ta sayar da wanda ke hannunta a ƙarshen shekarun 1960 ta biya 'yan ƙasarta masu bin Sobiyet bashi, daga baya a shekarun 1990 sai da ta biya ƙasashen uku. Haile Selassie bai samu ko irin wannan jinkiri ba. Shekara biyu da rabi aka ba shi.

Dawowa

Abin da kotu ta hana shi, yaƙi ya ba shi. Ranar 10 ga Yunin 1940 Italiya ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu a ɓangaren Jamus, nan take baƙon da ya zame wa Landan kaya ya zama abokin tafiya. Aka ɗauke shi a jirgin sama zuwa Masar, daga nan Khartum. Ranar 20 ga Janairun 1941 ya tsallaka iyakar Sudan tare da wata ƙaramar runduna ta Habashawa da sojojin Sudan ƙarƙashin Orde Wingate, suka haɗu da mayaƙan sa-kai da suka shekara biyar suna faɗa a duwatsu. Daga kudu kuma birged ta 23 ta sojojin Najeriya, waɗanda Hausa ce harshen barikinsu, ta kama Mogadishu ranar 25 ga Fabrairu, ta keta hamada ta shiga Harar a ƙarshen Maris, garin da sarkin ya tashi. Ya shiga Addis Ababa ranar 5 ga Mayun 1941, shekara biyar cif da shigar Italiya.

Sai dai takardar 1938 ta biyo shi har gida. Hafsoshin Birtaniya suka ɗauki Habasha a matsayin yankin abokan gaba da aka ci, tunda a lissafinsu ƙasar Italiya ce. Suka kwashe injuna da kayan masana'antun da Italiya ta bari a matsayin ganima, suka shigo da sulen Gabashin Afirka. Sai da aka yi yarjejeniyar Janairun 1942 da ta Disambar 1944 kafin ya karɓe ragama sosai, yankin Ogaden kuwa bai dawo ba sai 1948, Haud sai tsakiyar shekarun 1950. Yarjejeniyar zaman lafiya ta Paris ta Fabrairun 1947 ta sa Italiya ta amince da 'yancin Habasha, ta ɗora mata diyyar dala miliyan 25 da mayar da kayan tarihin da aka sace. An rage diyyar daga baya, aka gina madatsar ruwan Koka da wani ɓangare nata. Dogon dutsen Aksum da aka kai Rum a 1937 bai dawo ba sai 2005, shekara talatin bayan mutuwarsa.

Iritiriya

A nan ne tarihinsa ya juya, kuma masu yabonsa ba su cika son a tsaya a wurin ba. Iritiriya ta kasance mallakin Italiya tun 1890. A Disambar 1950 Majalisar Ɗinkin Duniya ta yanke cewa a haɗa ta da Habasha a tsarin tarayya, da majalisarta da tutarta da harsunanta biyu, Tigrinya da Larabci. Tarayyar ta fara aiki a Satumban 1952. Sannu a hankali fadar Addis Ababa ta riƙa zare mata haƙora: aka hana jam'iyyu da ƙungiyoyin ƙwadago, aka sauke tuta, harshen Amhara ya maye gurbin nasu. Ranar 14 ga Nuwamban 1962, ƙarƙashin matsin lamba, majalisar Asmara ta rushe kanta, Iritiriya ta zama lardi. Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda ita ta tsara tarayyar, ba ta ce uffan ba. Amurka na da babbar tashar sauraren sadarwa ta Kagnew a Asmara, ba ta da niyyar ɓata wa sarkin rai.

Mutumin da ya san zafin a share ƙasa da alƙalami ya yi wa wasu, kuma ya yi shi da gwaninta, don ya tabbatar babu gwamnatin da za ta tsaya wa Iritiriya kamar yadda Meziko ta tsaya masa. Hamid Idris Awate ya riga ya harba harsashin farko a Satumban 1961. Daga 1967 sojoji suka shiga ƙone ƙauyukan Musulmi na yamma, dubban mutane suka kwarara Kassala da kewayenta. Hausawan gabashin Sudan sun ga zuwansu da idonsu. Yaƙin ya ci shekara talatin.

Wata shida bayan haɗiye Iritiriya, a Mayun 1963, ya karɓi baƙuncin shugabannin Afirka aka kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka. Diori Hamani, Abubakar Tafawa Ɓalewa, Ahmadou Ahidjo, François Tombalbaye, Kwame Nkrumah da Ibrahim Abboud duk suna zauren. Shi ne ya sasanta ɓangarorin Kasablanka da Monrobiya da suka ja daga, kuma wannan aiki nasa ne, ba a ƙwace masa. A Alƙahira a 1964 ƙungiyar ta amince a mutunta iyakokin da aka gada ranar samun 'yanci, ƙa'idar da ta tabbatar da layukan da suka raba Hausawa ƙasa-ƙasa. 'Yan Iritiriya sun ce su ma ai Turawa sun shata musu iyaka, amma a birnin da hedikwatar take babu mai sauraro. Lokacin yaƙin basasar Najeriya ya shugabanci kwamitin sulhu na ƙungiyar, wanda Nijar da Kamaru da Ghana ke ciki, aka zauna a Yamai da Addis Ababa a 1968, ya tsaya kan kada a amince da Biyafara. A 1972 a birninsa aka sa hannu kan yarjejeniyar da ta tsayar da yaƙin farko na kudancin Sudan.

A cikin gida mulkinsa ya tsufa ya bar ƙasar a baya. Filaye na hannun sarakuna da coci, manoma na biyan galla mai nauyi, Musulmi kuwa, duk yawansu, ba su da kaso na kirki a manyan muƙamai. Dogarawansa sun yi yunƙurin juyin mulki a Disambar 1960 yana ziyara a Brazil, bai ɗauki darasi ba. Yunwar Wollo ta 1973, wadda hukuma ta yi ta rufa-rufa a kanta, ita ta ƙarasa shi. A daren 11 ga Satumban 1974 kwamitin sojan da ake kira Derg ya nuna hotunan masu mutuwa da yunwa a talabijin haɗe da na liyafar fada. Washegari aka tuɓe shi, aka fitar da shi a bayan wata ƙaramar Volkswagen.

Maganar dukiyar waje ta sake dawo masa, wannan karon daga 'yan ƙasarsa. Sojojin suka zarge shi da ɓoye maƙudan kuɗi a bankunan Suwizalan, suka matsa masa ya sa hannu a dawo da su, shi kuma ya musanta. Derg ta yi shekara 17 tana mulki ba ta nuna wa jama'a waɗannan kuɗi ba. Ya mutu a tsare ranar 27 ga Agustan 1975 yana da shekara 83. Gwamnati ta ce rashin lafiya ce. Iyalinsa da shaidun da suka yi magana a kotu bayan faɗuwar Mengistu sun ce shaƙe shi aka yi. An tono ƙasusuwansa a harabar fada a 1992, aka binne su a cocin Triniti na Addis Ababa ranar 5 ga Nuwamban 2000, lokacin Iritiriya ta shekara bakwai da samun kujerarta a Majalisar Ɗinkin Duniya.

Gidan Fairfield kuwa tun 1958 ya ba garin Bath kyauta don a kula da tsofaffi. Har yanzu tsofaffin garin na taruwa a cikinsa, Habashawa da mabiya Rastafari kuma na kai ziyara.